Saniyar Inna da Dalmar Yaya

Inna tana da saniya guda ɗaya, kuma saniyar ba ta taɓa kwana a gidanmu ba. Tana hannun wani Bafulatani na wajen Kwargaba, aminin mahaifinmu tun suna samari, wanda muka tashi muna ce masa Baffa. Inna kuwa Arɗo take ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa naɗa shi. Asalin abin wata karsana ce da mahaifin Inna ya ba ta lokacin da za a kawo ta Wurno gidan aure. Karsanar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har aka yi zamanin da Inna take da abin da za a iya kira garke, in mai kiran yana son faranta mata. Daga baya fari ya ɗauki nasa, jinyar mahaifinmu ta ɗauki nata, karatuna ya ci wasu, auren yayana ya share sauran. Wadda ta tsira wata ja ce mai taurin kai. A shekarar da nake ba da labari tana da ciki, kuma Inna ba ta da addu'ar da ta wuce Allah Ya sa mace ce, don kada kyautar mahaifinta ta yanke a hannunta.

Ita ke nan dukiyar Inna. Mu 'ya'yanta maza biyu, ni da Yaya, ba ta lissafa mu cikin dukiya, kuma ban ga laifinta ba.

Da aka datse gulbi a Goronyo, mu a namu hankalin wutar lantarki ce za ta kwararo har ɗakunan kwananmu. Babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana wannan alkawari, mu muka yi wa kanmu, muka kuma ji haushi da aka saɓa. Abin da ya zo shi ne ruwa da rani, da albasa, da tafarnuwa, da shinkafa, da injinan ban ruwa masu ƙara tun asuba, da sauro mai ƙoshin lafiya. Samari suka fara ganin abin hannu. Wanda ya sayar da albasa sai ya je Sakkwato ya dawo da talabijin a kai, ya ajiye ta tsakar gida, sannan ya tuna babu inda zai jona ta. Da haka tsofaffin baturan manyan motoci suka shigo gari, kowane gida da nasa, an lulluɓe shi da ƙyalle ana lallaɓa shi.

Batir kuwa sai da caji. Nan Yaya ya ga hanya. Ya sayi ɗan janareta, ya kama shago kusa da tasha, ya wayi gari injiniya. Shi ya ba kansa sunan, gari ya karɓa don babu mai ja. Iliminsa na batir bai wuce ya haɗa waya biyu ya ga tartsatsi ba, amma yana yin haka da wata irin fuska da za ka rantse daga Turai ya dawo. Ruwan batir ya cinye masa riguna kaf. Duk wadda ya saka sai ka hango singiletinsa ta wurare da dama, shi kuma yana ɗaukar hujojin nan a matsayin shaidar aiki.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rabah, ƙarshen mako nake dawowa gida. Don haka yawancin abin da ya faru a guntu-guntu na gan shi, kowane zuwa in tarar Yaya ya ƙara ci gaba.

Batir yana mutuwa, wannan ba laifin kowa ba ne. Matattun suka taru a bayan shago har suka yi tudu. Ana nan sai wani masunci daga Goronyo ya zo neman dalma, wadda mu a can muke ce wa darma. Tunda dam ya tara kifi masunta sun yawaita, kuma kowane birgi yana bukatar 'yan dunƙulen dalma jere a bakinsa don ya nutse in an jefa. Masuncin ya ce an gaya masa cikin mataccen batir dalma ce zalla. Yaya ya ɗauko gatari ya fasa ɗaya a gabansa. Ruwan ya malale, ƙasa ta yi kumfa tana tsuwa, ga kuma faifai-faifai masu kama da raga jere a ciki, cike da wani baƙin gari. Tun daga ranar cajin ya zama ƙaramar sana'a. Yaya ya koma fasa batir, ya narka ragar a tsohon kasko, ya zuba a 'yan ramukan da ya tona a busasshen yumɓu, ya bari ta huce. Masunta suka riƙa zuwa har daga ƙauyukan bakin dam.

Kwalin batir ma bai sha ba. Yana da ɗaki shida a ciki, kuma matan unguwarmu suka gano cewa tamkar don su aka yi shi: nan gishiri, nan yaji, nan daddawa, nan kuka, nan kuɓewa, nan kanwa. A ɗauraye shi sau ɗaya da ruwa, shi ke nan ya musulunta. Wasu suka mayar da shi abin ba kaji ruwa. Wani maƙwabcinmu a ciki yake ajiye goronsa don ya ce yana riƙe sanyi. Mu mutane ne masu tattali, ba a zubar da abu a gabanmu.

Da farko a bayan ɗakin Inna Yaya yake narkawar. Hayaƙin yana da wani ɗanɗano a baki, zaƙi-zaƙi, kamar ka tsotsi tsohon kwabo, kuma in ya shiga kai sai ya wuni. Agwagin Inna, da suke kiwo a inda yake zubar da ruwan, suka fara tafiya a karkace suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata Asabar ina zaune Inna ta fito ta tsaya a kan Yaya.

“Kai, wanga aiki naka ba na cikin gida ba na. Kaina bai daina ciwo ba, agwagina sun ƙare. Kwashe tarkacenka ka tahi daji.”

“Inna, agwagi annoba ta. Darma ai ƙarhe ta. Mi ƙarhe ka yi ma agwagwa?”

“Ban sani ba, ban yi boko ba. Kwashe dai.”

Ya kwashe, yana gunaguni cewa a gidan nan ba a san darajar mai sana'a ba. Bai yi nisa wajen neman daji ba. Muna da gonar tudu a hanyar Dinawa, an riga an yanke gero, ga kara kyauta na hura wuta, ga wani babban gawo a tsakiya mai inuwa da rani. A gindin gawon ya kafa murhunsa. Abin da ya narke ya tafi Goronyo. Abin da ya ƙi narkewa, wato baƙin garin nan da toka da gutsattsarin raga, ya riƙa tara shi gefe guda. Na je na gani sau ɗaya, na ce masa tulin nan fa, yaya za a yi da shi? Ya dube ni da tausayi, irin kallon da yake yi wa duk mai cin albashi.

“Taki na, malam. In damina ta matso sai a watsa. Abin da ka tada babbar mota, gero na za shi gagara tai?”

Abin da na sani game da batir a lokacin shi ne yana da kai biyu, ɗaya ja ɗaya baƙi, kuma wannan ma Yaya ya riga ni sani.

To akwai wata al'ada tsakanin gidanmu da na Baffa da ta girme ni. Kowace shekara bayan girbi yakan koro garkensa ya sauka a gonar tudunmu. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a nan su bar mana taki, in zai tashi a ɗaura masa dammunan gero. A da ɗan zama yake yi ya gangara fadama inda ciyawa take. Amma tunda noman rani ya zo, fadama ta zama fangalin albasa tun daga bakin ruwa har inda ido ya tsaya, saniya ba ta da inda za ta sa ƙafa sai an kai ƙara. Saboda haka zaman Baffa a gonarmu ya riƙa tsawo, har yakan ci rabin rani.

Ranar saukarsa ita ce sallar Inna. Takan yafa mayafinta mai kyau, ta ɗauki ƙwaryar dusa da guntun kanwa, ta taka har gona, ita da ko gidan suna sai an yi da gaske take zuwa. Wannan karon na raka ta. Tun daga nesa ta yi wani ɗan kira da harshe, jar saniyar ta ɗaga kai daga cikin garke ta taho tana rangaji da cikinta. Inna ta shafa wuyanta, ta tambaye ta gajiya, ta tambaye ta hanya, gaisuwar da ni ban taɓa samu ba in na dawo daga Rabah.

Baffa ya tsuguna gefe suka gaisa.

“Arɗo, yaushe kaka gani?”

“Kahin zahi shi kama, uwargida, in Allah Ya so. Ta kusa.”

“Mace ko?”

Ya yi dariya. “Kullum sai kin tambaye ni abin da ba ni ka yi ba.”

Da rana ta ɗaga, shanu suka nufi inuwar gawo kamar yadda suka saba kowace shekara. Can suka tarar da tulin Yaya. Wani maraƙi ya sunsuna, ya lasa, ya sake lasa. Kafin a jima sun kewaye wurin suna ture juna. Wannan fa ba a ɓoye aka yi ba, muna tsaye mu huɗu, har da Yaya, muna kallo. Baffa ya ce shanu dama suna son toka da ƙasa mai gishiri, wataƙila akwai kanwa-kanwa a ciki. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce in gani da idona, dabba ma ta san abu mai amfani, malamin makaranta ne kawai bai sani ba. Jar saniyar Inna kuwa ta fi kowa zalama. Ta sa ƙaho ta kore na kusa da ita, ta kafa baki tana lasa har tana tauna. Inna ta yi murmushi ta ce a ƙyale ta, mai ciki ce, kwaɗayi ne. Muka dawo gida kowa ransa fari.

Zuwana na gaba na ji maruƙan Baffa sun fara mutuwa. Shi ya ɗora laifin a kan gyauro, wato tohon da dawa take yi bayan an yanke ta, wanda kowane makiyayi ya san yana kashe dabba. Gonar maƙwabcinmu ta dawa ce, kuma ta yi toho. Don haka Baffa ya yi abin da mai hankali zai yi: ya janye garken daga wancan gefe, ya tattara shi gindin gawo inda babu gyauro ko ɗaya.

Zuwan da ya biyo baya, ban tarar da Inna a gida ba. Aka ce tana gona tun safe, haka take yi kwana da kwanaki. Na ajiye babur na bi ta.

Na sha ganin dabba ba lafiya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Saniyar tana kewaya wuri ɗaya ba ta tsayawa. Yawu yana dalala daga bakinta, haƙoranta suna ƙara tana goga su. Idonta a buɗe tar, babu ko kwantsa, amma ba ta gani. Jifa-jifa sai ta yi wani kuka mai tsawo, ta je ta dogara goshinta jikin gawo tana turawa kamar za ta shige ciki. An yi mata duk abin da muka iya. Baffa ya ɗura mata jiƙe-jiƙensa. An karɓo rubutu an wanke an ba ta. An yi mata hayaƙi, don wasu sun ce iskokin gulbi ne da dam ya tayar daga gidajensu suke yawo a tudu. An kira wani mai yi wa dabbobi allura ranar kasuwa, ya zo ya soka mata irin wadda yake soka wa kowace dabba a kan kowace cuta. Yaya ma ya ba da tasa gudummawar, ya ce baki ne, mutane sun sa wa cikin ido. Yana faɗin haka yana tsaye a kan tulinsa.

Inna tana zaune a kan kara cikin rana, ƙwaryar dusa a gabanta. Ta yi ɗan kiran nan da harshe. Saniyar ta tsaya, kunnuwanta suka juya, ta taho. Ta wuce Inna da taku kaɗan, ta ci gaba da tafiya tana neman muryar a inda babu kowa. Inna ta sake kira, ta sake wucewa. Tausayin tsohuwar nan ya kama ni har na kasa kallonta, na koma kallon ƙasa.

Maza sun taru, kamar yadda muke taruwa duk inda ake bukatar shawarar da ba a nema ba. Maganarsu ɗaya ce: a kai mata wuƙa tun tana da rai. In ta mutu da kanta ta zama mushe, an yi asara biyu. Mahaucin unguwarmu ma yana wurin. Ya ce wucewa yake yi ya hango taro, kuma Allah da ikonSa wucewar ta zo daidai da wuƙaƙensa suna cikin jaka a wase.

“Ku bari ta haihu,” in ji Inna. “Kwana nawa yar rage? Ku bari ta sauke, sannan ku yi abin da kuka so.”

Ta juya wajen Baffa.

“Arɗo, kai ka sanin nagge. Tana kaiwa?”

Baffa ya dogara da sandarsa. “Uwargida, da tana kaiwa da ni na hwara hana su.”

Ba a rufe baki ba saniyar ta faɗi ta gefe, ƙafafunta suna shure-shure. Inna ta miƙe, ta karkaɗe mayafinta, ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba. Ko ƙwaryar ba ta ɗauka ba. Aka juya saniyar ta fuskanci gabas, aka yi bisimilla.

Wajen fiɗa ne mahaucin ya tsaya. Ya yanka tumbi yana juye abin ciki, sai ya ji wani abu ya yi nauyi a hannunsa. Ya tsamo, ya goge da yatsa.

“Mi na na wanga?”

Gutsattsarin raga ne, masu launin toka, wasu ƙanana wasu sun kai faɗin farce, sun taru a gindin tumbin sun yi dunƙule. Yaya ya miƙa hannu ya karɓi ɗaya. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kankare shi da farce, wurin ya yi ƙyalli. Duk wanda yake wurin ya san abin da yake kallo, don babu gidan da ba a ga irinsa ba. Baffa ya dubi tulin da ke gindin gawo, ya dubi Yaya.

“Ashe gyauro ba shi da laihi,” ya ce, a hankali.

Yaya ya jefa guntun a aljihu. Har yau ban sani ba ko ɓoyewa ya yi, ko kuwa hannunsa ne ya saba ba ya barin dalma a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa yaya a gaban mutane. Shi kuma ya ce ai Inna ce ta kore shi daga gida, da an bar shi a bayan ɗaki da duk haka ba ta faru ba. Baffa ya shiga tsakaninmu. Da ya ga mun lafa sai ya tara 'yan gidansa suka kaɗa garken tun rana ba ta faɗi ba, bai tsaya jiran gero ba.

Sai nama. A nan babu wanda ya yi gardama ko ya yi tambaya. An yanka ta da ranta, an ambaci sunan Allah, jini ya zuba, me kuma ya rage? Abin da ya kashe ta ai ga shi an cire. Aka kai tumbin magudanar ruwan da ke bi ta fangalin albasa aka wanke shi tas. Aka kasa nama kashi-kashi, aka aika gida-gida, don ba a cin irin wannan a ɓoye. Hanta da ƙoda, da yake su ne na girmamawa, aka ware wa dattawa da ƙananan yara. Unguwa ta ɗauki ƙamshi, ana ta yaba kitsen, ana yi wa Inna addu'ar Allah Ya mayar da alheri. Shekaru bayan haka na zauna kusa da wani likitan dabbobi a motar Sakkwato, hira ta kawo na ba shi labarin. Ya ce shanu suna mutuwar son lasar batir, kuma irin wannan saniya rami ake tona mata, hantar da ƙodar su ne inda dafin ya fi taruwa. Ya tambaye ni wa ya ci. Na ce masa ya tambayi wanda bai ci ba, zai fi sauƙin lissafi.

A unguwarmu wanda bai ci ba mutum ɗaya ne. Bayan la'asar aka zuba kason Inna a kwano, tsoka mai kyau, aka ce ni zan kai mata tunda Yaya ya ɓace. Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta, mayafin gona har yanzu a kanta. Na tsuguna na ajiye kwanon. Ba ta dube shi ba.

“An ga ɗan tayin?”

“An gani, Inna.”

“Mi na?”

Tun a hanya nake shirya ƙarya. Na yi niyyar in ce namiji ne, ko in ce ban duba ba. Amma Baffa kafin ya tafi ya ja ni gefe ya ce za ta tambaya, kuma kada in kuskura in ɓoye mata, abinta ne.

“Mace ta, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa.

“Ashe an amsa min,” ta ce.

Ta sa bayan hannu ta turo kwanon gabana.

“Ɗauki ka kai ma yayanka. Shi yay yi aiki.”